ZARE: Tsohuwar homar gidanku shekararta nawa, kuma nawa za ta yi?

1/ Tambaya ga 'yan Gobir da duk wanda ya tashi a bakin gulbi: tsohuwar homa, ko goran su, ko mamarin da ke rataye a zaurenku, za ka iya faɗin shekarunsa? In wani ya zo saye yau, nawa za ka ce? Yawancinmu sai dai mu ce "ai ya daɗe." Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ni ɗan Gangara ne, ƙasar Sabon Birni, tarihi nake karanta a jami'a. Abin da nake so in nuna muku shi ne kayan su ma hujja ce kamar takarda. Zare, ƙugiya, dalma, ɗinkin gora, kowanne yana faɗin zamaninsa in ka san inda za ka duba.

3/ Mu fara da ruwan kansa. Gulbin Maraɗi ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa Nijar, ya dawo Najeriya ta wajenmu. Bunsuru da Gagare sun biyo ta kudu, ta ɓangaren Isa. Haɗuwarsu ce ke ba da Gulbin Rima, wanda ya wuce Goronyo ya nufi Sakkwato.

4/ A bakin wannan ruwa Gobirawa suka kafa Alƙalawa a ƙarni na 18, zamanin Sarki Babari. Birnin ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wajen 1860 kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Duka a bakin gulbi.

5/ Tsakanin 1906 da 1908 Ingila da Faransa suka kafa alamun iyaka, suka raba Gobir biyu. Ruwa bai san da wannan ba. Kifi ya ci gaba da bin ambaliya, masunta na binsa, kayan aiki na tsallaka iyaka. Shi ya sa a gida ɗaya za ka ga abin da aka sayo da sule da wanda aka sayo da sefa.

6/ Gulaben namu na damina ne. Da rani ruwa ya janye sai tafkuna da gurabu, tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu su taru ciki, gaiwa ta shige laka. Sarkin Ruwa ya ba da izini, gari ya faɗa su. Irin wannan ruwa shi ya haifi homa da gora: ka hau gora ka yi iyo, ka zuba kifi a cikinsa.

7/ Hoton da kuke gani na bikin Argungu ke nan. Bikin a sifarsa ta yau ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO ta sa shi a jerinta a 2016. Amma homa da gora ba na Kabawa kaɗai ba ne. Duk kwarin Rima da su aka ci abinci.

8/ Kafin mu duba namu, bari mu leƙa yadda wasu ke yi da nasu, don a can na ga dabarar. A Amurka da Ingila akwai masu tara tsofaffin sandunan fatsa na faiba, wato zaren gilashi da aka haɗa da ƙaro. Mutum ya ɗaga sanda mai shekara 60 ya gaya maka shekarar da aka yi ta, wani lokaci har wata.

9/ Irin fatsar da suka fi so ita ce ta ƙudan ƙarya. Ba tana, ba gara. Gashin tsuntsu ake ɗaurawa a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, a wurga shi saman ruwa da igiya mai nauyi, kifin ƙoramu masu sanyi ya ɗauka abinci ne. Da can da gorar ƙasar Sin suke yin sandar. Gora ta sanda fa, ba goran duma ba.

10/ A 1938 aka kafa kamfanin Owens-Corning mai yin zaren gilashi. A 1947 kamfanin Shakespeare na Kalamazoo ya fito da sandar faiba mai suna Wonderod, bisa dabarar Dakta Arthur Howald. A 1950 Amurka ta hana ciniki da Sin, gora ta yi wuya, faiba ta ci kasuwa.

11/ Mulkinta bai wuce shekara 25 zuwa 30 ba. A 1973 kamfanin Fenwick ya fito da sandar zaren kabon, wadda ta fi sauƙin nauyi da ƙarfi, aka fara ajiye faiba. Kun ga tun nan an samu katanga biyu: in sanda ta zamanin tashen faiba ce, tana tsakanin 1947 da shekarun 1970.

12/ Sai su matse tazarar. Shakespeare ya riƙa buga haruffa a gindin sanda: K=1, J=2, H=3, G=4, F=5, E=6, D=7, C=8, B=9, A=0. Biyun farko shekara, na uku wata. Ka ga FG, 1954 ke nan. Ka ga EK, 1961. Wonderod fara ce galibi, da zane mai murɗiya a jikinta.

13/ In ba haruffa, akwai wasu alamu. Kafin farkon shekarun 1960 da haruffa ake rubuta nauyin igiya, irin HDH ko HCH. Daga baya aka koma lamba: 5, 6, 7. Lambar gidan waya ta Amurka kuma a 1963 aka fara ta, don haka adireshin da ke ɗauke da ita bai girmi 1963 ba.

14/ Fenwick kuwa a farkon shekarun 1960 ya bar mahaɗin ƙarfe ya koma faiba cikin faiba, abin da ya kira Feralite. Lambarsa ma magana take: FF806 na nufin ƙafa 8 cif, igiya lamba 6. Duk wanda ya ci karo da irin wannan a kayan gwanjo, ga abin dubawa nan.

15/ Kuɗinta fa? Tsufa kaɗai bai sa tsada. Wonderod an yi ta da yawan gaske, yawancinta araha ce. Wadda hannun gwani ya yi, irin Russ Peak na Kalifoniya, ita ake rububi. Gajera mara nauyi ta fi doguwa kuɗi. Kai ya karye ko da inci 2, daraja ta zube. Jakarta da kwanonta na asali suna ƙara mata.

16/ Darasi uku na ɗauko: kayan da aka yi abu da shi yana da ranar haihuwa, kowane sashe da shekarunsa, kuma abin da aka san mai shi da labarinsa ya fi wanda ba a sani ba. Toh, mu dawo gida. Maƙerinmu bai buga lamba ba, amma ukun nan duk suna aiki a kan homa.

17/ ALAMA TA 1: ZARE. Kafin nailan, da abin da ƙasa ta fitar ake saƙa: rama, auduga, da wani irin wake da ake nomawa don zaren jikinsa, wanda ake kira yawa. A murza a cinya, a saƙa da hannu. In ka duba za ka ga kaurin bai daidaita ba, idanun ragar ma wani ya fi wani.

18/ Irin wannan zare ruɓewa yake, shi ya sa ake jiƙa shi a ruwan ɓawon itace ko bagaruwa, ya fito ja-ja. A ganina nan ne asalin karin maganar nan: kifi na ganinka, mai jar koma. Kun ga, har karin magana na riƙe da tarihin sana'a.

19/ Nailan kuwa a 1935 Wallace Carothers ya haɗa shi a kamfanin DuPont na Amurka. Sai ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1960 ragarsa ta bazu a hannun masuntan Afirka ta Yamma. Mai murɗaɗɗen silli da yawa ya fara zuwa. Na roba mai silli ɗaya, wanda ke ɓacewa a ruwa, daga baya ya yi yawa.

20/ Gwaji mai sauƙi: cire silli ɗan ƙarami daga inda ya riga ya tsinke, ka kai masa ashana. Rama da auduga za su ci wuta, su yi warin takarda, su bar toka. Nailan zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Silli ɗaya na ce fa, kada wani ya ƙone homar kakansa ya ce ni na sa shi. 😅

21/ Amma a kula: raga ita ce ƙaramar 'ya a jikin homa. Ana sake ta duk bayan 'yan shekaru. Ka ga nailan, abin da ya gaya maka kawai shi ne an yi saƙar ƙarshe bayan zuwan nailan. Itacen da aka lanƙwasa zai iya girmar ragar da shekara 30. Duba inda hannu ya cinye shi ya yi santsi.

22/ ALAMA TA 2: ƘUGIYA. Ta maƙeri tana da sawun guduma, kauri ba ɗaya ba, biyu ba sa zama iri ɗaya sak. Ta kamfani kuwa ɗari ka jera kamar tagwaye. Wadda ta fi shahara a kasuwannin Afirka ita ce Mustad ta ƙasar Nowe, mai tambarin mabuɗi. Tun 1877 suke yin ƙugiya.

23/ Saboda haka ƙugiyar kamfani ba ta nufin abu sabo ne. Kwalinta ya fi ta magana: tambari, ƙasar da aka yi, farashin da ɗan tireda ya rubuta a kai. In da sule da kwabon fam aka rubuta, kafin 1 ga Janairu 1973 ne, ranar da naira ta fito. Kada ku yar da tsohon kwali.

24/ Mamari, wato doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, shi ya fi nuna sauyin. Ka lissafa wahalar maƙeri ya ƙera 300 ɗaya bayan ɗaya, sannan ka kwatanta da sayen kwali uku a kasuwa. In ka samu mamari mai haɗe da na maƙeri da na kamfani, ka riƙe shi da kyau: zamani biyu ne a igiya ɗaya.

25/ Zago da mashin kifi su ne suka fi daɗewa, don ƙarfe ne. Ƙota ta karye a sake, kan yana nan. Wanda aka yi da tama, ƙarfen da aka narka a gida, ya bambanta da wanda aka yanko daga sifirin ɗin mota ko rodi. Tsohon maƙeri na gani zai gane. Shi za ka kai wa, ya fi intanet sani.

26/ ALAMA TA 3: abin nutsarwa da abin tasowa. Ƙasan taru ko birgi sai da nauyi, samansa sai da abin da zai ɗaga shi. Tsohon yayi: gasasshen yumɓu ko dutse a ƙasa, guntun duma ko itace mara nauyi a sama. Sabon yayi: dalma, da yawa daga tsohon batirin mota, da yankakken silifa ko farin soso na kwalin kaya.

27/ Yankakken silifa ba zai girmi zuwan silifa kasuwarku ba. Wannan ita ce ƙa'idar da masu haƙar kufai ke aiki da ita: abu mafi sabunta a jikin kaya shi ke faɗin lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. Mafi tsufa kuma shi ke faɗin inda labarin ya faro.

28/ ALAMA TA 4: GORA. Goran su babba ne, ba kowace gona ke ba da shi ba, don haka ba a yar da shi don ya tsage. Gyartai ake kai wa. Duba ɗinkin: na zaren itace daban, na waya daban, na narkakkiyar roba daban. Gora ɗaya mai ɗinki iri uku ya ga zamani uku.

29/ Duba kuma bakinsa, da cikin da ƙirji ya goge, da duk wata shaida da aka ƙona ko aka zana. Ranar su mutane da yawa ne a ruwa, kowa na son gane nasa. Wannan shaidar ita ce lambar kamfaninmu. In akwai tsohon da zai ce "ta gidan wane ce," ka samu abin da kuɗi ba ya saye.

30/ ALAMA TA 5: irin kayan kansa. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun tarwatsa masunta a Sahel. Gura, tarkon nan da ake dangantawa da 'yan Mali, bayan wannan ta bazu a ruwayen Arewa. Ka ga gura, kada ka ce ta zamanin Bawa Jan Gwarzo ce.

31/ Madatsu ma sun sauya sana'a. An gama Bakolori a 1978, Goronyo a 1984, ta Jibiya da ke tare ruwan da ke gangarowa Gulbin Maraɗi daga baya. Inda ruwa ya taru ya yi zurfi, kalli da jirgi suka yi tashe. Inda ambaliya ta ragu, homa ta koma rataye.

32/ ALAMA TA 6, wadda ta fi duka: BAKIN TSOHO. Kada ka ce "Baba, a wace shekara?" Zai ce maka ya daɗe. Ka tambaye shi da abin da ya sani: Kafin a kashe Sardauna ne (1966)? Ana tuƙi hannun hagu, ko an koma dama (1972)? Da sule ko da naira (1973)? Kafin Buhari ya rufe iyaka (1984)?

33/ Ko ka bi ta sarauta. Sarkin Musulmi Hassan 1931 zuwa 1938. Abubakar na Uku 1938 zuwa 1988. Dasuki 1988 zuwa 1996. Maccido 1996 zuwa 2006. In ya ce maka "wanga gora, ranar da munka ji rasuwar Abubakar yana hannuna," ka san ya kai 1988 ko ya wuce.

34/ Sai ka gwama baki da kaya. Tsoho ya ce tun kafin Sardauna, amma duka ragar roba ce mai silli ɗaya? Ba ƙarya ya yi ba, wataƙila itacen yake nufi. Ka sake tambaya: sau nawa aka sake saƙa, wa ya saƙa? Nan labarin gaske ke fitowa, har sunayen tafkunan da suka ƙafe.

35/ Yanzu maganar kuɗi. Abu ɗaya, farashi uku. Na farko na ɗan gwangwan: sikeli kawai ya sani, zagon shekara 100 da guntun rodi duk kilo ne. Na biyu na masunci: zai kama kifi gobe? A wurinsa sabuwar raga ta fi tsohuwa, kuma da gaskiyarsa.

36/ Na uku farashin tarihi, shi kuma da abu huɗu ake auna shi: cikar kaya, ƙarancin irinsa, rashin taɓa shi da gyaran zamani, da sanin asalinsa. Ragar rama cikakkiya abu ce mai wuyar samu, tunda ruɓewa take. Ƙugiyar kamfani kuwa ko ta shekara 50 tana da 'yan uwa miliyoyi.

37/ Gaskiya ɗaya: homa ba za ta sai maka mota ba. Babu kasuwar masu tara ta kamar ta sandar faiba. Su can abin da ya ba tasu daraja shi ne an ajiye kundin kamfani, an rubuta, an yi muhawara. Mu namu kundin yana cikin kawunan mutanen da suka haura 70.

38/ Kuskure uku da ke kashe daraja: goge tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, shafa fenti ko man juye, da raba kaya, a sayar da ƙarfe a ƙone itace. Ka kakkaɓe ƙura, ka rataye a inuwa inda gara da ɗigon ruwa ba sa kaiwa. Shi ke nan.

39/ A kuma san doka. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da iko kan kayan tarihi. Aikin hannu da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da doka ta kare, ba a fitar da shi waje sai da izini. Mu 'yan bakin iyaka mu muka fi bukatar jin wannan.

40/ Mun taɓa gani. A shekarun 1990 aka yi ta haƙe mutum-mutumin yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina ana fitarwa, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Da yawa suna Turai yau, ba wanda zai ce daga wane rami suka fito. An samu kuɗi kaɗan, an rasa labari duka.

41/ Me ya sa nake wannan magana yanzu? Kun san halin da gabashin Sakkwato ke ciki. A 27 ga Mayu 2020 kaɗai an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A 2021 aka rufe layukan waya da kasuwanni. Dubbai sun koma cikin gari, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi.

42/ Wanda ya gudu da dare ba ya ɗaukar gora. Rai ne gaba, babu musu. Amma in ɗaki ya rushe, gara ta ci itace, ɗan gwangwan ya kwashe ƙarfe, tsohon da ya san labarin ya rasu a gudun hijira, to an rufe babi ke nan. Kuma ba wanda zai je kufai yanzu don homa. Kada ma a gwada.

43/ Abin da za mu iya ba ya bukatar shiga daji. Tsofaffin suna tare da mu a Sabon Birni, Isa, Sakkwato, Maraɗi. Waya na hannunka. Ka zauna da ɗaya minti 20, ka nemi izininsa, ka naɗi muryarsa. Ko kayan sun salwanta, sunayensu da yadda ake yinsu ba su salwanta ba.

44/ In kayan na kusa: hoto gaba ɗaya, hoto na kusa a kan ɗinki da ƙulli da shaida, ka ajiye biro a gefe don a gane girma. Ka rubuta abu biyar: sunansa da bakin garinku, wa ya yi, wa ya yi aiki da shi, a wane ruwa, zamanin wa. Ka tura wa 'yan uwa biyu, don waya na ɓata.

45/ Wanda ke son ganin yadda ake adanawa, akwai Gidan Tarihin Kanta a Argungu, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. 'Yan uwana ɗalibai masu neman abin rubutawa a aikin kammala digiri, ga fili nan, ko rabin gona ba a nome ba.

46/ Mai tsohuwar homa, gora, zago ko mamari a gida, ajiye hoto a ƙasa da sunan da kuke kiransa, mu gwada ƙiyasta shekarunsa tare. Ban da sunan mutum ko inda yake zaune, saboda yanayi. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ku yaɗa. 🙏